Geron da Aradu Ta Ƙona

Ni ban taɓa zama gaban allo ba, na malam ko na boko. Faɗa nake yi ana rubutawa, kuma na ja kunne kada a gyara mini magana, don bakina bai taɓa buƙatar gyara ba. A ƙauyenmu, can gaba da garin Babban Mutum, waɗanda ke aurar da 'ya'yansu yau a gefen tabarmata suka girma. In na ɗauko labarin kura da zomo, mai tuƙa tuwo takan manta muciya a tukunya. Amma wannan da zan ba ku ba tatsuniya ba ce. An ce mini ku ɗalibai ana ba ku kalmomi ku hardace, musiba, uƙuba, kaffara, alhaki da 'yan uwansu. Ni ma na san su. Da furfurata na koye su, kuma sai da rumbun ƙawata ya ƙone kafin in koya.

Ƙawar nan tawa na girme ta, Yaya take ce mini, ko da yake ba mu haɗa uwa ko uba ba. Katanga ce kawai tsakanin gidana da nata. Mijinta ya rasu ya bar mata gona da rumbu, ɗanta kuma ya tafi kudu neman abinci ya bar mata 'ya'yansa ƙanana. Sana'arta daddawa. Ba a garinmu kaɗai ba, har kasuwar Mai'adua ake kai daddawarta, mutanen Nijar su saya su ƙetara da ita. Ku da ba ku san sana'ar ba, bari in gaya muku: mai sayen daddawa hannun mai yin ta yake saye. Kalwa ce ake dafawa, a rufe ta a ɗaka ta kwana ta nuna, ba wanda ke ganin abin da ke faruwa ƙarƙashin murfi. Yarda ce kawai. Ranar da aka ce hannunki ba shi da kyau, ko ƙamshin daddawarki ya kai Daura ba mai ɗauka.

Gonarta tana iyaka da ta wani maƙwabcinmu, layin gamba ne ya raba su tun zamanin iyaye. To a gefen gabas gambar ta mutu. Masu yanka don zana sun yanke ta kakaf, awaki suka ƙarasa saura. Da aka yi ruwan shuka, maƙwabcin ya ce an shigo masa gona da kunyoyi biyu. Ita ta ce ba ta shiga ba. Aka je gaban mai unguwa, ina zaune a bayanta. Mutumin ya yi ta magana, har ya taɓo mijinta da ke kabari, ya ce da ma shi ma haka yake, fartanyarsa ba ta san iyaka ba. Nan ta miƙe tsaye, mayafi na zamewa, ta ce, "In na ci ko taku ɗaya na gonarka, aradu ta faɗo mini."

A wurinmu ba a yin wannan rantsuwa gaban dattawa a tashi ana dariya. Mai unguwa ya tattara rigarsa ya ce, "To, magana ta fita daga hannuna. Kowa ya je ya yi nomansa." Muka watse.

Damina ta yi nisa, aka shiga marka, lokacin da gero ya fara fitar da kai a gona amma bai kai ci ba, kowa na lallaɓa abin da ya rage masa a rumbu. Ranar ina gidanta, muna wanke kalwa a bakin ɗaki bayan azahar. Hadari ya taso daga gabas. Na ga hadari iri-iri a rayuwata, amma wannan bai yi gaggawa ba, tahowa yake kamar baƙon da ya san gidan da zai sauka. Iska ta ɗauke gaba ɗaya. Kaji suka shige ƙarƙashin rumbu, suka sake fitowa da gudu, abin da ban taɓa ganin kaza ta yi ba. Muka ja ƙwaryar kalwa ciki. Ruwa ya sauko.

Sai duniya ta yi fari. Ban ce haske ba, fari. Babu katanga, babu bishiya, babu ƙawata da ke zaune kusa da ni. Ƙarar kuwa ba da kunne na ji ta ba, a ƙirji na ji ta da haƙora. Da idona ya dawo, na ga jinkar rumbu ta rabu biyu kamar an sara kabewa, wuta na fitowa daga tsakiya, shuɗiya daga ƙasa, ja daga sama. Ruwa na zuba kamar da bakin ƙwarya, wutar na ci a cikinsa. Wari ya cika gidan irin na maƙera. Ƙawata ta sulale a jikina, na riƙe ta, ina jin zuciyarta na bugawa a tafina kamar ta tsuntsun da aka kama.

Maza suka cika gidan da bokitai da jarkoki tun ruwa bai tsagaita ba. Wani ya ɗaga bokiti zai watsa, sai wani dattijo ya riƙe masa hannu. "Ajiye. Wutar aradu ce. Ruwa ƙara mata ƙarfi yake, nono ne maganinta." Haka muka tashi muka ji iyayenmu na faɗa, ba wanda ya yi musu. Aka tura mai babur ruga. Hanya ta zama taɓo, babur ya kafe, ya ƙarasa da ƙafa. Matan ruga kuma sun fita talla da nononsu tun safe. Duk wannan lokacin maza na tsaye sun kewaye rumbu, kowa da bokitinsa cike, ruwan sama na ƙara cika shi har yana zuba a ƙafafunsu, suna kallon abincin gidan yana ci da wuta. Da mai babur ya dawo da 'yar ƙwarya, rabin nonon ya zube a hanya, ruwan sama ya riga ya kashe wutar da kansa. Aka dai yayyafa nonon a kan toka, don kada a ce ba a yi ba.

Washegari maƙeri ya zo ya tona gindin rumbun yana neman gatarin aradu, wai dutsen da take jefowa. Ya tono wani baƙin dutse ya naɗe a tsumma ya tafi da shi. Ban san ko shi ne ba. Rumbun kowa a kan duwatsu yake zaune.

Dammunan geron da ke sama sun zama toka. Na ƙasa kuwa sun yi baƙi daga waje, amma in ka murza zangarniya ƙwayar na nan, sai dai ƙauri. Ba wanda ya yarda ya taɓa. Ni da ita muka kwashe, muka shanya a ɗaka, muka sussuke, muka sheƙe. Shi ke nan abin da zai riƙe gidan har zuwa kaka, in ya kai.

Wutar ba ta kai abin da ya biyo bayanta zafi ba. Kun san yadda muke a ƙauye, in an sauke tukunya kwano na ƙetara katanga, wannan gida ya ɗanɗana na wancan. Kwanonta ya fara dawowa yadda ya tafi, ko murfi ba a ɗaga ba. Faifan daddawa ya zaga gari ya dawo cike. Matar da ke kai mata kaya Mai'adua ta aiko cewa ƙafarta na ciwo, alhali ranar kasuwa na gan ta a bayan babur da kayan wata. A bakin rijiya, in ƙawata ta zo, sai mata su ja gugansu su tsaya gefe har ta gama. Ba wanda ya zage ta. Gaisuwa ma ana yi mata, daga nesa.

Matar maƙwabcin nan mai gona ita ce ke kiɗa gangar. Tana zuwa makarantar matan aure da ake yi bayan la'asar, can ta samo kalma, ta riƙa yawo da ita gida-gida kamar sabon zane. "Uƙuba ce," in ji ta. "Da bakinta ta kira, aka amsa mata. Wanda ya ci abin hannunta ya ɗebi rabonsa a ciki." Na tare ta a bakin rijiya na ce, "Ke 'yar nan, yaushe aka fara aiko miki da labarin sama?" Ta ce, "Iya, ba ni na faɗa ba, karatu ne." Da cewa ta yi Allah ya kama ta, irin maganarmu ta gida, da na san yadda zan yi da ita. Amma kalmar daga makaranta ta fito, da nauyin littafi a kanta, mutane suka sunkuyar da kai.

Ni kuwa na shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, inda masu wucewa masallaci za su gani, na ci tuwon geron nan har na suɗe kwano. Ba sau ɗaya na yi haka ba. Ba abin da ya same ni sai gyatsa mai ƙauri. Amma bai yi amfani ba. Cewa aka yi ai wannan tsohuwa ko aradu tsoron bakinta take ji, ba a gwada kai da ita.

Abin da ya fi damuna ita kanta ƙawata. Da ma tana zuwa makarantar, ta daina. Ta daina dafa kalwa, tunda ba mai saye. Takan tuƙa wa jikokinta tuwo ta zauna tana kallonsu, ita ba ta ci. Wata rana da hantsi na same ta zaune gaban tokar rumbu, ta ce, "Yaya, in gaya miki wani abu?"

Na ce, "In na ƙi ji, wa za ki gaya wa?"

Ta ce, "Ni fa ban san inda gambar take ba a gefen nan. Maigidan ne ya san iyaka, ni abinci nake kai masa. Da aka taɓa shi a kabari ne raina ya ɓaci. Na rantse a kan abin da ban gani ba. In gaskiyarsu ce fa?"

Na ce mata ta rufe baki, amma na koma gida maganar na bin bayana. A tatsuniyata ba a taɓa samun irin wannan ba. Kura ta yi haɗama, ta sha duka, yara su yi dariya, kowa ya san mai laifi. Ga wuta ta sauko daga sama a kan idona, ga wadda ta sauka a gidanta, kuma ita kanta ba ta san ko mai laifi ce ba.

Na ce tunda daga makaranta kalmar ta fito, can za mu bi ta. Ni ban taɓa taka wurin ba. An sha gayyatata, nakan ce yarinyar da aka haifa a gabana ba za ta tsaya a kaina da alli ba. Malamar surukar liman ce, a Daura ta yi karatu, siririya, muryarta ba ta cika ɗaki sai an yi shiru. Akwai kuma al'adar da matan makarantar suka ɗora wa kansu: wadda ta tsallake wani abu, haihuwa mai wuya ko doguwar jinya, ranar da ta dawo takan kawo sadakar abinci, a ci tare a yi mata addu'a. Na ce wa ƙawata, "Ke ma kin tsallake. Taku kaɗan ne tsakaninki da rumbun nan. Ki yi dambu."

Ta ce, "Da wane gero?"

"Kina da wani ne?"

"Yaya, so kike su bar mini kwano a tsakar aji in rasa inda zan sa kaina?"

Na ce, "In sun bari ni zan cinye a gabansu, ki ɗauko ni a baro."

Ta yi 'yar dariya, ta farko tun ranar wutar. Ta ciro zogale a bayan ɗaki, ta turara dambu, ta daka ƙuli ta zuba. Muka rufe kwanon da faifai, na ɗauka da kaina.

A ajin firamare ake karatun, bayan yara sun tashi. An tura bencina jikin bango, mata na zaune a tabarmi da hijabai kala-kala. Da muka shiga, tabarmar da ke kusa da ƙofa ta zama fili, kowacce ta tuna tana da magana da wadda ke can ciki. Malama ta ajiye alli ta zo ta durƙusa ta gaishe ni.

"Iya, yau ke ce a makarantarmu? Lallai za a yi ruwa."

Na ce, "An riga an yi, 'yar nan. Shi ya kawo ni."

Na zauna, na ajiye kwanon a gabana, na ce mata ni ba karatu na zo ɗauka ba, tambaya na kawo. "Abin da ya sami ƙanwata kin ji shi. An ba shi suna a gari, an ce daga bakinki aka ɗauko. Ina so in ji da kunnena, menene sunansa a karatunku?"

Ta koma gaban allo ta yi rubutu, layi a ƙarƙashin layi, ni dai sawun kaji nake gani. Sannan ta juyo ta ce za ta faɗa da baki saboda Iya.

Ta ce ta farko musiba. Duk abin da ya sami mutum ya yi masa zafi, ƙaya ce ko gobara ko mutuwa, musiba ce. Wannan sunan bai ce kana da laifi ba, bai ce ba ka da shi ba. Shi ne abin da ido ke gani, kuma a nan ido yake tsayawa.

"A bayan musiba," in ji ta, "akwai abin da ido ba ya gani." Takan zama jarrabawa, Allah ya ɗora wa bawa nauyi don ya ɗaga shi, kuma waɗanda ya fi so su ya fi ɗora wa. Ta ba mu labarin annabin da ciwo ya ci jikinsa, dukiya ta tafi, 'ya'ya suka tafi, mutanen garinsa suka guje shi. Na san labarin tun ina yarinya, amma ban taɓa tunanin mutanen garin ba sai ranar. Ashe su ma suna da bakin rijiya. Musiba takan kuma zama kaffara, wato wanki, zunubin da mutum ya manta da shi a goge masa da zazzaɓi ko asara, ya isa lahira da farin tufa. Takan zama uƙuba, sakamakon laifi, a biya tun a nan. Azaba kuwa, ta ce mu rage ɗaukar ta a baki muna liƙa wa maƙwabta, babbarta tana can gaba, Allah ya tsare mu. Muka ce amin.

Ta nuna layin ƙarshe. "Wannan ce ba na so ku manta, istidraji." Ta ce shi ne a sakar wa mutum igiya. Yana saɓo, rumbunsa na cika. Yana zalunci, shanunsa na haihuwa. Ko ciwon kai ba ya yi. Yana ganin an yarda da shi, alhali jan sa ake yi a hankali zuwa bakin rami.

Nan tsikar jikina ta tashi, irin tashin da ta yi ranar da duniya ta yi fari. Duk tsawon rayuwata na ɗauka wanda aka kama shi ne mai kuka. Ashe ana iya kama mutum yana ƙoshi. Ashe rumbun da ya ƙone yana iya zama alheri, cikakke kuma ya zama sharri, su biyun suna tsaye a unguwa ɗaya, ba mai iya bambanta su da ido. Na dubi matan nan, kowacce na san abin da ke rumbun gidanta, na ga su ma tunanin da suke yi ke nan. Na tuna nawa rumbun da bai taɓa ganin wuta ba, zama bai yi mini daɗi ba. Wata daga can baya, wadda ta binne 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya, na ga ta ja hijabi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Ita ma an daɗe ana yi mata lissafi a bayan ido.

Matar mai gona ta gyara zama. "To Malama, duk mun ji. Wacce ce a ciki? Ai da bakinta ta kira ta, gaban mai unguwa."

Malama ta ce, "Ban sani ba."

"Ke da kika yi karatu a Daura?"

"Waɗanda suka karantar da ni ma ba su sani ba, Goggo. Wutar iri ɗaya ce, ba a rubuta a jikinta wacce ce ba. Na koya muku kalmar uƙuba don kowacce ta ji tsoro a kan kanta. Ban ba ku ita don ku auna maƙwabta ba."

Ta juya ga ƙawata. "Inna, rantsuwar da kika yi kuskure ce, wannan kam na sani. Ba a rantsuwa sai da Allah. Ki tuba a kanta. Ku ma duka, don ina jin ku a bakin rijiya, a kan ludayi ma aradu kuke kira." Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, wata ta ce ai ludayin sabo ne. Malama ta bari dariyar ta kwanta, sannan ta ce, "Aradu ba alƙali ba ce. Baiwar Allah ce kamar ni da ku. Ba ta tashi don wani ya kira ta, sai an aike ta, kuma Wanda ya aike ta bai gaya mana saƙon ba. Ku kuma gaya wa mazanku, in ta sake kunna wuta a garin nan, su zuba ruwa."

Ƙawata tun da muka zauna kanta na ƙasa. Sai na ji muryarta. "Malama, in uƙubar ce fa? Ni kaina ban san inda iyakar take ba. Fushi ne ya sa na rantse."

Na so in take mata ƙafa, ga matar mai gona zaune tana ji. Amma ta riga ta faɗa.

Malama ta zo ta zauna a tabarmarmu, gwiwarta na taɓa ta ƙawata. Ta ce, "Inna, in uƙuba ce kika tuba, an wanke ki tun a duniya, kin fi mu da ba mu san abin da ke jiranmu ba. In jarrabawa ce kika yi haƙuri, an ɗaga ki. Ko wacce ce, aikin da ke gabanki ɗaya ne. Sai dai gona haƙƙin mutum ce, shi kuma ba a yafe shi sai mai shi ya yafe. Ki nemi dattawan da suka san gambar tana da rai, su je su duba. In kin shiga, ki fita."

Ƙawata ta ce, "Ko gobe."

Matar mai gona ta riƙa murza bakin hijabi. Na ɗauka shirin sabon faɗa take. Sai ta ce a hankali, ba ta kallon kowa, "Malama, wanda ya ce uƙuba ce, in aka je can aka tarar ba ita ba ce fa? Shi menene sunan nasa?"

"Alhaki. Shi ma sai mai shi ta yafe."

Ban jira wata ta sake magana ba, na ɗage faifan. Ƙauri ya tashi ya cika ajin, ƙamshin zogale da ƙuli na bin bayansa. Duk wadda ke wurin ta san ƙaurin nan, ta shaƙe shi ranar wutar. Na ce, "Ga sadakar ƙanwata. Ta tsallake, ta dawo. Ku kuka kafa al'adar, ba ni ba."

Malama ta ɗauki buta ta wanke hannu a bakin ƙofa, ta dawo ta yi bismilla ta ɗiba. Tana kaiwa baki sai sama ta yi gurnani can wajen gabas, nesa, mai tsawo, kamar ana mirgina turmi a kan soro. Wata da ta miƙo hannu ta tsaya da shi a iska. Ni kaina sai da na ɗaga ido na dubi rufin ajin. Malama ta yi tasbihin da ake yi in an ji tsawa, ta ci gaba da tauna, ta haɗiye, ta sake ɗiba. Hannun da ya tsaya ya ƙarasa cikin kwano. Wata ta matso, wata ta biyo ta. Akwai biyu da suka naɗe hannu cikin hijabi suka ce azumi suke, ɗayarsu kuwa da ɓawon gyaɗa a cinyarta. Ba wanda ya matsa musu.

Dambu ya kusa ƙarewa matar mai gona ta taso. Ta tsuguna, ta ɗebi kaɗan da kan yatsu, ta daɗe tana taunawa, kowa na kallon bakinta.

Ta ce, "Gishiri bai ji ba."

Ƙawata ta ce, "Wadda nake aro a wurinta ta daina buɗe mini ƙofa."

Matar ta sake ɗiba, wannan karon da cikakken hannu. Ta sunkuya kamar mai gyara kwano, ta ce wani abu ƙasa-ƙasa. Na ji, don kunnena bai tsufa ba, yafiya ta nema. Ƙawata ta ce, "Allah ya yafe mana duka." Sannan matar ta ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Ki aiko a karɓi gishirin. In kin yi daddawa kuma ki ajiye mini. Miyar gidanmu ta zama ruwa, maigidan har ya fara cin tuwo a gidan ƙaninsa."

"Ban ɗora kalwa ba tun ranar."

"To ki ɗora."

Dattawa sun je gonar kafin girbi. Wannan ya ce gambar a nan take, wancan ya ce a can, suka yi ta taku suna komawa har rana ta yi zafi, ba su daidaita ba. Daga ƙarshe suka raba kunyoyin, ɗaya tata ɗaya tasa, aka dasa sabuwar gamba a tsakani. Har yau ba wanda ya san ko ta shiga ko ba ta shiga ba, kuma ba wanda ya san sunan wutar nan sai Wanda ya aiko ta.

Amma wannan daga baya ne. A ranar dai, muna isa gida ƙawata ko hijabi ba ta cire ba ta jawo babbar tukunya, ta zuba kalwa da ruwa, ta ce in miƙo mata ashana. Itacen ya sha marka, ya yi ta hayaƙi yana ƙin kamawa. Muka durƙusa mu biyu, tsofaffi, muna hura shi bi da bi, idanunmu na hawaye, har ya kama.